Hoton Baban Darɓa

Duk wanda zai rubuta tarihin binciken halittu na wannan zamani, dole ne ya ware wa Baban Darɓa babi guda sukutum. Wannan ba ra'ayin mutum ɗaya ba ne. Akwai lokacin da mutane da dama suka yi tarayya a kansa, har da farfesa guda, ko da yake daga baya duk sun janye in ban da shi Baban Darɓa ɗin.

Darɓa, ga wanda bai taɓa noma ba, wasu 'yan ƙwari ne koraye, ba su kai rabin ƙwayar shinkafa ba, suna lafewa a bayan ganye suna tsotsar ruwansa. Manomi in ya gan su, maganin feshi yake nema. Baban Darɓa kuwa albashi ake ba shi don ya raya su. Ya shiga sashen nazarin halittu na jami'a yana saurayi, da takardar sakandare da wando ɗaya na kirki, aka ba shi wankin kwalabe. Daga kwalabe ya koma ban ruwan tsire-tsire. Da tsohon da ke kula da ɗakin ƙwari ya yi ritaya, sai ya bar masa makulli, da kujerar da ƙafarta ɗaya ta gaza sauran, da buroshi. Tun daga nan ɗalibai suka laƙaba masa sunan, ya bi shi har gida.

Ɗakin yana can ƙarshen baranda, bayan inda ake ajiye tsintsiya da bokiti. Ba shi da taga. Dogayen fitilu ne ke yi wa mazaunansa rana, su kuma yi musu magariba in lokaci ya yi. Akwatunan raga ne jere a kan kantoci, kowanne da tukunyar wake a ciki, a jikin waken kuma darɓa ce maƙil, uwa da 'ya da jika, kowace ta kafa baki. In wake ya gaji, sai a kwashe su ɗaya bayan ɗaya a mayar kan sabo, da buroshin nan da gashinsa bai fi gashin ido kauri ba. Ɗalibai sun sha gwadawa. Su sa safar hannu, su rufe hanci, su riƙe numfashi, duk da haka rabin ƙwarin su mutu a hanya. Shi kuwa sai ya juya wa ƙofa baya, ya gyara bakin buroshinsa ya yi tsini kamar yadda tsohon ya koya masa, ya ɗauki kowace kamar mai ɗaukar jaririn sarauniya. Ba ya asarar ko ɗaya. In an tambaye shi sirrin, sai ya duba tafinsa ya ce, "Hannu ne."

Dalilin duk wannan hidima ya ji shi daga bakin Farfesa, shugabar binciken, sau ba adadi, har ya haddace. Ruwan ganye ruwan sukari ne kawai, ba ya riƙe rai. To amma a cikin kowace darɓa akwai wata ƙwayar bakteriya da ta yi zaune, tana haɗa mata abin da ruwan ya rasa, uwa kuma tana saka wa 'ya'yanta ita tun suna ciki. An daɗe ana wannan zama, tun kafin a san za a yi mutum. Saboda daɗewar, bakteriyar ta yi ta zubar da ƙwayoyin gadonta, wato umarnin da ke jikin kowace halitta na yadda za ta rayu. Na neman abinci ta zubar, tunda ana kawo mata. Na kare kai ta zubar, tunda akwai katanga. Yau in ka fito da ita waje ba ta kai yamma, in kuma ka raba darɓa da ita, darɓar ta daina haihuwa.

Ya fi jin daɗin yin wannan bayani a gida, lokacin shan shayi, in ƙanin matarsa yana wurin. Ƙanin, mai ɗaukar hoto ne, ya zo musu kwana biyu tun 'yarsu ta fari tana rarrafe, yanzu ita ma tana da mai rarrafe, shi kuma yana nan a ɗakin waje.

"Da ya zo ya iya dafa ruwan zafi," in ji Baban Darɓa yana kallon matarsa. "Na gani da idona. Yanzu tambaye shi inda ashana take."

"Yaya, ni ma ai ina haɗa muku abin da kuka rasa," in ji Mai Hoto. "Wa yake sa ku dariya a gidan nan? Kai?"

"Ku biyun duk ni nake ciyarwa," in ji matar. "In za a yi bincike, a fara da ni. Kai kuma, Malam, ka daina tauna da gefe ɗaya kamar raƙumi, ka je a cire haƙorin nan."

Haƙorin wani ne na can ciki, gefen hagu, wanda ya fara rami tun shekarun baya. Baban Darɓa ya yi sulhu da shi. Ba ya kai masa sanyi, ba ya kai masa zaƙi, in ya motsa ya danna masa kanumfari. Yakan ce su biyun sun fahimci juna.

Buri ɗaya ne da shi a duniya, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba. A bangon barandar sashen akwai hotunan waɗanda suka gano wani abu, a jere cikin firam, kowa da tabarau da fuskar wanda aka katse wa tunani. A ƙarshen layin akwai ƙusa ɗaya da ba a rataye mata komai ba, da alama kafintan ne ya yi ƙari. Duk mako Baban Darɓa yake goge hotunan, ba wanda ya sa shi. In ya zo ƙarshe, ya goge ƙusar ita ma.

Ranar da abin ya faru yana cikin ban ruwa aka banko ƙofa. Dakta-gobe ce, ɗalibar digiri na uku da ta daɗe tana cewa saura kaɗan har sunan ya kama ta. Aikinta ta niƙe darɓar da yake zuba mata a 'yar kwalba, ta ba injin da ke karanta ƙwayoyin gado. Ta shigo takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya ta baro shi a matakala. A bayanta Farfesa ce, matar da ma'aikata ke rantsuwa ba a taɓa ganin haƙoranta ba, ga su yau duk a waje. Ta zauna a kujerarsa, kujerar ta karkata, ba ta ma lura ba.

"Baba, akwai baƙo a cikin ƙwarinka," in ji ta.

Ya waiga ya dubi akwatunan. "Ranki ya daɗe, kullum sai na rufe ragar."

"Ba irin wannan ba. Bakteriya ce ta biyu, bayan wadda muka sani. Kuma kayanta cif, ba ta zubar da ko ɗaya ba. Ka gane? Kowa a duniya tsohon zama ya tarar, bayan an saba, an zubar da na zubarwa. Ba wanda ya taɓa ganin ranar da baƙo ya sauke jakarsa. Mu ga shi mun kama shi a bakin ƙofa."

"Na tambayi masu kiwon darɓa a wasu jami'o'in," in ji Dakta-gobe tana haki. "Babu a tasu. A nan kawai take. A ɗakin nan."

Farfesa ta miƙe ta dube shi, irin kallon da take yi wa madubin ƙara girma. "Hannunka ne ya raine su shekara da shekaru. Ni ba na cin haƙƙin mutum. Akwai wata ƙusa a baranda, ban sani ba ko ka taɓa lura da ita."

Ya ce yana jin kamar ya taɓa gani.

Ranar motar haya ta wuce da shi unguwarsu bai sani ba, sai da ya dawo da ƙafa, yana gaida mutanen da bai taɓa gani ba. Ya tsaya wurin mai gyaran takalmi ya yi masa bayanin ƙwayoyin gado, mutumin yana riƙe da ƙusa a baki yana gyaɗa kai. A gida ya tara iyali, ya tsaya a tsakiyar falo, ya fara da cewa, "Ni da Farfesa." Matar ta saurara har ƙarshe, ta tambaya ko abin yana cizo, sannan ta yafa gyale ta shiga maƙwabta. A gida na farko mijinta ya gano wata halitta. A gida na uku ya gano magani. Kafin labarin ya kai bakin titi ya dawo, an fara kawo masa yara masu ƙuraje, wata tsohuwa kuma ta aiko a tambaye shi ko yana duba ciwon gwiwa.

Ya je wurin tela aka auna shi kwat. Ya sayi tabarau, duk da idonsa yana iya ƙirga ƙafafun darɓa daga bakin ƙofa. Da safe yakan tsaya gaban madubi yana gwada fuskar wanda aka katse wa tunani, sai dai murmushi ya ƙi barinsa, ya kore shi ta dama ya ɓullo ta hagu. In ya shiga ɗakin ƙwari sai ya yi musu sallama, ya tambayi lafiyar baƙo. Haƙorin ya motsa a makon, ya ce masa ba yanzu ba.

Maganar hoto kuwa ba ta da wuya, tunda akwai mai sana'ar a ɗakin waje. Mai Hoto ya zo da fitilunsa da lemarsa, ya cika ɗakin ƙwari da waya. Aka ɗauka yana nuna akwati da yatsa. Aka ɗauka ya dafa haɓa. Aka ɗauka yana kallon nesa, a ɗakin da nesansa bango ne.

"Yaya, duk ka fito kamar wanda aka kama da akuyar mutane," in ji Mai Hoto yana duba abin da ya ɗauka. "Saki jikinka."

"A sake yake."

"To ɗaure shi, ko za a dace. Ka ga, cire kwat ɗin nan, sa farar rigarka, ka manta da ni. Yi aikinka kawai."

"Shekara nawa ina ƙoƙarin manta da kai."

Amma ya zauna, ya jawo sabon wake, ya ɗauki buroshi. Da ya kwashe ta farko da ta biyu, sai ɗakin ya koma yadda ya saba, shi da su da ƙarar fitilu. Bai ji lokacin da aka danna ba.

Mai Hoto ya ƙi nuna wa kowa. Ya wanke shi babba, ya sa masa firam mai ruwan zinariya, ya naɗe da zanin gado. Su biyu suka ɗauko shi a ƙafa, don babu motar da za a amince mata, Baban Darɓa a gaba yana ba mutane haƙuri su kauce. A ofishin Farfesa aka jingina shi a kan tebur, Dakta-gobe ta kira masu shara da ɗan aike su zo su shaida, Mai Hoto ya yaye zanin.

Hoto ne na gaske. Hasken fitila ya sauko masa a goshi, koren ganye ya haska gefen fuskarsa, idanunsa a lumshe kamar mai sauraron waƙa daga nesa. Duk natsuwar shekarunsa tana ciki. A tsakanin leɓɓansa kuma ga buroshi.

Masu shara suka yi tafi. Farfesa ba ta yi ba. Ta matsa kusa, ta cire tabarau, ta mayar.

"Baba, me kake yi a nan?"

"Gyara masa baki nake, ranki ya daɗe," in ji shi, yana jin daɗin an zo wurin da ya fi kowa sani. "Busasshen buroshi yana watsa su. Sai ka ɗan tsotse shi ya yi tsini, ya yi laushi, sannan ka taɓa ta, sai ta hau da kanta."

"Kullum kake haka?"

"Kowace ɗaya."

"Har waɗanda kake zuba wa Dakta a kwalba?"

"Su ma ai rai ne."

"Tun yaushe?"

Ya yi ɗan lissafi. "Tun kafin a yaye Dakta."

Dakta-gobe ta nemi kujera ba ta samu ba, ta zauna a kan kwandon shara. Bayan wani lokaci ta tashi, ta fita, ta dawo da tsinke mai auduga a kai. Ta tsaya gabansa da ladabi, kamar mai neman izinin tafiya gida.

"Baba, buɗe bakinka."

Injin bai yi gardama ba. Abin da ke cikin kwalbar darɓa da abin da ke bakin Baban Darɓa abu ɗaya ne, kamar an tsaga kara.

Wani zai ɗauka murna ta ƙare a nan. Ƙaruwa ta yi. Farfesa ta kwana da abin a ranta, ta wayi gari da wani sabon haske a ido. Ta ce a tsaya tukuna. In har bakteriyar ta fito daga bakin mutum ta shiga jikin darɓa ta zauna, uwa tana ba 'ya, to abin da suka samu ya fi na farko. Ba baƙon kawai suka gani ba, sun san garin da ya fito. Hanyar ganewa ɗaya ce: a ba shi sabon buroshi, a rufe masa baki, a jira jikokin waɗannan ƙwari, tunda darɓa ba ta ɓata lokaci wajen haihuwa. In an sami baƙon a jikin jikokin da buroshi mai yawu bai taɓa taɓawa ba, shi ke nan.

Baban Darɓa ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya sake tara iyali.

"Ashe daga jikina abin ya fito," ya ce. "Kun ji ana kirana babansu, kuna dariya."

"To sai a sa su a rabon gado," in ji Mai Hoto. "Yaya, ka ga yawan magadan kuwa?"

Matar ta ɗinka masa takunkumi mai igiya biyu da hannunta, ta ce ta daɗe tana neman dalili.

Makonnin nan sun ba shi wuya. Hannu ya ɗauki buroshi, ya nufi baki da kansa, ya ci karo da ƙyalle. Ya koyi tsoma buroshin a ruwan kwalba kamar ɗalibi, yana ba kowace darɓa haƙuri. Amma da ya fito baranda sai ya tsaya gaban ƙusar, ya karkata kai, yana auna ko za ta iya ɗaukar nauyin firam. Har ya nemo wata mai kauri ya ajiye a aljihu, ko da za a buƙata.

Dakta-gobe ce ta kawo sakamakon, wannan karon da takalmanta biyu. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Babu, Baba. Jikokin fes suke. Ashe bai taɓa shiga cikinsu ba. A bayansu kawai yake hawa, daga buroshi zuwa kwalba, kamar fasinja."

Ya sauke takunkumin a hankali. "To ina gidansa?"

"Irin wanda ke zama a ramin haƙori ne."

Ya kai harshe gefen hagu. Sai wani ɗan fata ya taso masa a rai. "To ni da shi fa? Mun daɗe tare. Bai zubar da komai ba saboda ni? Ko 'yar ƙwaya ɗaya?"

"Ko ɗaya. Kayansa a ɗaure suke. Ko'ina ya samu zai zauna." Mace ce mai tausayi, amma kuma mai gaskiya. "Akwai shi a bakin rabin mutanen da ka wuce a hanya yau."

Wannan ne ya fi yi masa ciwo. Shekara da shekaru yana kaffa-kaffa da baƙo, ba sanyi ba zaƙi, ashe shi bai ma ɗauki wurin gida ba. Ko ƙanin matarsa ya fi shi kara, shi da ya manta dafa ruwa.

Washegari matar ta sa shi gaba zuwa wurin likitan haƙori, bai yi musu ba. A hanyar dawowa, kumatunsa cike da auduga, ya ji tana gaya wa maƙwabta cewa an cire abin da ya gano, yana can asibiti an adana. Masu ƙuraje suka ragu, amma tsohuwar mai gwiwa ta ci gaba da aike.

Da ya koma aiki ya tarar an rataye gwangwanin kashe gobara a ƙusar baranda. Ya tsaya ya dube shi. Ya ga ƙusar ta ɗauki nauyin ba ko lanƙwasa, wato da ma lissafinsa daidai ne. Ya goge gwangwanin ya wuce.

A ranar Farfesa ta kira shi ofis. Hoton yana nan jingine a bango.

"Baba, hoton nan ya yi kyau ƙwarai. Asara ne a bar shi a bayan ƙofa. Ina neman izininka in rataye shi a babban ɗakin gwaji, inda duk ɗalibin da ya shigo sashen nan zai gan shi tun ranar farko. Sai dai akwai abin da nake so in—"

"Na yarda, ranki ya daɗe."

"Ba ka ji sauran ba."

Ya zaro ƙusa mai kauri daga aljihu ya ɗora mata a tebur.

Yana nan har yau, ya kusa ritaya, darɓarsa tana ta haihuwa, yanzu yakan yi asarar ɗaya ko biyu kamar kowa. Dakta-gobe ta ce saura kaɗan. Mai Hoto ya sami sababbin masu ciniki, don ya buga hatiminsa a kusurwar firam ɗin. Hoton ya fi duk na baranda girma, kuma an fi kallonsa, tunda a saman wurin wanke hannu yake, ba mai shiga ko fita bai tsaya gabansa ba. Duk mako Baban Darɓa yakan zo da tsummansa ya goge gilashin, ya goge firam ɗin, ya goge har ɗan allon da ke ƙasa, wanda aka rubuta wa da jan fenti: BA A YIN HAKA.